Malam Yusha'u Mai Ba Bango Ruwa

Ina tsaye a kan turmi na yi faɗa da Malam Yusha'u, hannu ɗaya na dafa katanga, ɗayan ina nuna shi da muciya.

Ga yadda aka yi. Gidajenmu a Unguwar Kanawa manne suke da juna, bangon bayan ɗakina shi ne iyakar tsakar gidansa. Bangon ƙasa ne, ginin da, mijina marigayi Maliki ya gaje shi a haka. To shekarar nan rani ya yi rani, rijiyoyi sun ja baya, ƙafar kowa ta yi faso, amma ni gindin bangona a jiƙe yake sharkaf. Ƙuli-ƙulin da nake soyawa na sayarwa, in ya kwana a ɗakin sai ya yi laushi kamar tuwo. Kwallayena suka fara tsatsa. Na kira Ya'u magini, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya ce famfo ne ya fashe a ƙasa. Na ce Ya'u, famfon da bai taɓa shigowa gidan nan ba shi ne zai fashe? Wata maƙwabciya ta ce mutanen ɓoye ne suke wanka a wurin, na yi ta hayaƙi har tari ya kama ni. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ran nan da safe, rana ta ɗan ɗaga, na ji wani sauti ta bayan ɗaki, fuuu, fuuu, kamar mage ta ga kare. Na jawo turmi na kifa a gindin katangar tsakar gida, na hau, na leƙa.

Magidanci guda, ma'aikacin gwamnati, da gemunsa da 'yarsa a sakandare, yana tsugune da buta. Sai ya guntsi ruwa, ya cika kumatu, ya fesa wa bangona, yadda masu guga ke fesa wa shadda. Bangon kuwa daga ƙasa har ƙugun mutum kore shar, gansakuka ta lulluɓe shi kamar darduma.

"Yusha'u! Ashe kai ne aljanin?"

Ya zabura, ruwan ya sarƙe shi, ya yi ta tari. "Ina kwana, Iya."

"Ban kwana ba. Me ɗakina ya yi maka?"

"Ba ɗakin nake ba ruwa ba, Iya. Ita nake ba." Ya nuna gansakukar da ɗan yatsa a hankali, yadda ake nuna jaririn da ya yi barci.

Abin da na faɗa masa ranar, har bakin titi an ji. Na ce sa'o'inka suna kiwon kaji, wasu tantabaru, masu ƙarfi sun ɗaure raguna, kai ka rasa abin kiwo sai dattin bayan banɗaki. Na ce in boko ne ya yi maka haka, Allah na gode maka da ubana ya hana ni. Shi dai yana tsugune, buta a hannu, yana cewa, "Gaskiya ne, Iya. Ki yi haƙuri, Iya." Mutumin da ba ya rama faɗa yana da wuyar yi wa faɗa. Na sauko daga turmin da sauran maganata a baki.

A Kurmin Mashi aka haifi Yusha'u. Ubansa masinja ne a wata ma'aikata, irin masu keke da kaki gogagge, kuma ba shi da buri sai ya ga ɗansa malamin asibiti yana yi wa mutane allura. Yaron kuwa ko kaza aka yanka a gabansa sai jiri ya kwashe shi. Da ya gama sakandare aka samar masa aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwalejin gwamnati, aikin wanke kwalabe da jera wa ɗalibai kayan karatu. A can ya tarar da wani malami Ba'indiye, cikin 'yan ƙarshen da suka rage a ƙasar nan. Wata rana malamin ya kankaro koren abin nan daga bakin lambatu, ya sa a ƙarƙashin wani ƙarfe mai dogon wuya kamar zalɓe, wanda ake leƙawa ta sama, yana mai da ƙwayar gero kamar kabewa. Su suna da sunansa na boko, ni madubi nake ce masa. Ya ce wa Yusha'u leƙa.

Yusha'u ya leƙa, ya ga daji. Itatuwa tsaye, kowanne da karansa da ganyensa, a cikin abin da yake takawa kullum yana tsaki don santsi. Ya ɗago ya dubi tsinken da ke kan gilashi, ya sake leƙawa, ya sake ɗagowa. Daga ranar aka rasa shi.

Ba'indiyen ya koya masa yadda ake yanka karan a ga cikinsa, ya ce masa irin wannan tana da wata jijiya a tsakiya. Yusha'u ya yanka, ya ganta. Ya yanka wani karan, babu. Ya ruga ya tambaya, ya tarar da malamin yana ɗaure akwatunan komawa ƙasarsu. Mutumin ya ce, ci gaba da yankawa za ka gane. Ya hau jirgi ya bar shi da reza a hannu.

Da ya auri Turai suka tare a gidan kawunsa da ke bayana. Bishiyar mangwaro ta rufe wannan bangon da inuwa, rana ba ta taɓa shi, gansakuka ta samu wurin zama. Wani ango da ya ga haka sai ya nemi fartanya. Yusha'u kujera ya nema.

Bayan faɗanmu da 'yan kwanaki, Turai ta shigo min da kwanon dambu tana sunkuyar da kai. Mace ce mai sanyi, ko ƙuda ba ta kora da ƙarfi. Ta ce, "Iya, Malam ya aro madubin makaranta tunda an yi hutu. Wai don Allah ki zo ki gani."

Na tafi ne don in ƙarasa faɗana.

Na same shi a tsakar gida ya shimfiɗa tabarma, ga madubi a kan kujera 'yar tsugunno, ga faranti da ruwa. Ya tsinko kara ɗaya daga bangon, bai kai tsawon farce ba, kaurinsa kamar zaren ɗinki. Ya ɗauko totuwar karan dawa ya tsaga, ya cusa shi a tsakiya ya matse, don abin ya yi ƙanƙanta a riƙe shi da yatsa. Ya ɓare sabuwar reza, ya riƙe numfashi, ya shiga shaftar totuwar da karan tare, sala-sala, har sun fi ɓawon albasa rashin kauri. Ya tsamo ɗaya daga farantin da gashin kaza, ya ɗora a gilashi, ya juya wani ɗan madubi da ke ƙasa har ya kamo hasken rana.

"Bismillah, Iya. Rufe ido ɗaya."

"Na rufe."

"Me kika gani?"

"Gashin idona."

"Matso kaɗan."

Sai ga tanda. Wallahi tanda ce ta suyar waina, zagayayya, duk ramuka. Ramukan bakin ƙanana ne masu kaurin baki, ja-ja kamar inda wuta ta ci. Na ciki manya, farare. Can tsakiya kuma wasu 'yan mitsi-mitsi sun cure wuri guda kamar idon rariya.

"Wannan rariyar ta tsakiya ita ce jijiyar," in ji shi. "Ana cewa ta nan ruwa yake hawa." Ya cire gilashin ya sa wani. "To duba wannan."

Tanda ce dai, amma tsakiyarta manyan ramuka ne har ƙarshe. Babu rariya.

"Bango ɗaya, Iya. Ganye iri ɗaya. Kafaɗa da kafaɗa na tsinko su."

"To ina ruwana? Ko 'ya'yan mutum ɗaya wani da wushirya, wani babu."

Bai ji haushi ba. Ya sa min gindin karan, na ga wasu zarurruka ruwan ƙasa sun harɗe kamar gashin da ba a tsefe ba.

"Ga ta nan," na ce. "Saiwar da ke cin bangona."

"Ba saiwa ba ce."

"Yusha'u, na girmi uwarka ko mun yi sa'a. Abu yana ƙasa, yana riƙe da ƙasa, ka ce ba saiwa ba?"

Ya gyara zama, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya ce saiwa tana da ɓawo da ciki, tana tsotso ta aika sama. Wannan kuwa zare ɗaya ne tal, gaɓa kan gaɓa, kuma in na lura gaɓoɓin a karkace suke, yadda mai rake yake sara. Na lura, haka ne. Ya ce daga fatar karan take tsirowa, ta duk inda ya jingina da danshi. In ka kwantar da kara a ƙasa, gefen da ya taɓa ƙasa shi zai fitar da gashi, na sama ba zai fitar ba. Kanta fari ne tana yarinya, ta yi ja in ta tsufa. Aikinta riƙo. In ma ruwa ya bi ta, ta bayanta yake bi, tsakanin zare da zare, kamar kananzir a lagwani. Ita gansakuka da jikinta duka take sha. Ya ɗauko wata busasshiya baƙa ƙirin, wadda na rantse ta mutu, ya ɗiga mata ruwa, kafin in gyara mayafi ta buɗe ta yi kore.

Na ce, "A'uzu billahi. To in da jikinta duka take sha, me za ta yi da rariyar tsakiya?"

Ya dube ni kamar zai yi kuka don daɗi. "Iya, abin da nake tambaya ke nan tun kafin a haifi 'yata Umaima."

Ashe har Zariya ya taɓa zuwa, wajen masanan tsirrai. Wani ya ce iri biyu ne suka cakuɗe, ido ba ya raba su. Wani ya ce ƙila kara sai ya manyanta yake yin jijiyar. Wani ya ce rezarka ce take murƙushe ta. Duk sun karɓe shi da mutunci, kuma duk wanda ya gwada maganarsa sai ya ga kamar haka ne, kamar kuma ba haka ba. Ya dawo da ruɗani uku a maimakon ɗaya.

"Ni dai bangona," na ce.

"Ba ta cin bango, Iya. Danshi take tararwa ta zauna."

"Danshin wa ya kawo shi da rani?"

Ya koma kallon buta.

A nan muka yanke. Na ce daga gindin mangwaro zuwa kusurwa, inda ta cikin ɗaki itace kawai nake jibgewa, ya fesa har kumatunsa su fashe. Amma rabin da gadona yake, ko yawu kada ya tofa. Ina jira ya yi roƙo, sai na ga mutum ya miƙe tsaye yana tafa hannu. Wai na ba shi abin da bai taɓa tunani ba. Rabi a jiƙe, rabi a bushe. In masu shan wahalar rani su ne suke yin jijiya, masu jin daɗi ba sa yi, to ga amsa ta fito. Ya kafa ƙusa a tsakiyar bangon, ya ɗaura zare har ƙasa. Na fito daga gidan ban san ko na ci faɗan ba ko an cinye ni.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Duk rani Yusha'u yana tsugune a rabinsa yana fuuu, fuuu. Duk hutu ya aro madubi ya yanka na dama, ya yanka na hagu. Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne, rabin da ya bari ya bushe ya ƙi bushewa. Da safe in zai fita aiki ya gan shi ya yi baƙi ya ƙanƙance yadda ya kamata, da la'asar ya dawo ya tarar da shi kore, har ya fi wanda yake wahala a kai sheƙi. Ya ce ko raɓa ce, amma raɓa ba ta sauka da azahar. Ya ce ko ruwan yana bin ƙasar bangon ne ya tsallaka zare. Ya ce ko gashin nan ne yake miƙa wa 'yan'uwa ruwa hannu da hannu, har ya yi wata guda yana bin zarurrukan da allura yana neman inda suka haɗu. Turai ta ce min wani lokaci sai ya ajiye loma a tsakiyar cin tuwo ya fita ya tsaya yana kallon bango.

Ni kuma ta ciki, gefen gadona bai fasa danshi ba. Na tare shi a ƙofar gida.

"Ka karya alkawari."

"Wallahi, Iya, ban tsallake zaren nan ba ko sau ɗaya."

Mutum ne da ba ya rantsuwa a banza, na sani. To in ba shi ba, wa? Na fara tunanin ko maƙwabciyar nan ta yi gaskiya tun farko, Yusha'u kawai na kama, na bar masu wankan.

Yajin aiki ne ya warware mana. An rufe makaranta ba zato, ya dawo gida da hantsi. Ina tsakar gidana ina matsar mai, na ji sallamarsa ta yanke a tsakiya.

"Turai. Mene ne wannan?"

"Ruwan shinkafa ne, Malam."

"Na ga ruwan shinkafa ne. Ina kike zuba shi?"

"Nan ɗin da Iya ta hana ka."

Na ajiye aikina na matsa jikin katanga.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka ɗaura zaren." Ta ci gaba da cewa, "Na ga kullum da safe kana tsayawa kana kallon wurin, ranka a ɓace, abin ya yi baƙi. Na ce ai ni ban yi wa Iya alkawari ba. In ka fita sai in zuba mata ɗan na wanke-wanke, in na wanke shinkafa ma in ba ta. Na ga in ka dawo ka tarar da ita kore kana daɗewa a wurin, na ce ka ji daɗi ne."

Wani namijin da an ji ƙarar kwanuka. Yusha'u zama ya yi a ƙasa daɓas. Can na ji ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Turai." Sai kuma, a hankali, kamar mai magana da kansa, "Duk yankan da na yi, ashe jiƙaƙƙe nake gwadawa da jiƙaƙƙe."

Na ɗaga murya ta kan katanga na ce, "Miji na fesawa, mata na kwarawa, ni ina kwance a baya kamar shuka. Saura ku sa min taki!"

Daga nan abubuwa suka zo masa a jere. Ya yi ritaya, madubi ya zauna a makaranta. Yanar ido ta fara rufe masa gani, yana kuma tsoron a taɓa, ni da na girme shi an cire min tawa a asibitin ido na dawo ina zura zare a allura, shi ko an ambaci wuƙar likita sai gumi. Hannunsa ma ya soma rawa. Sai kuma damina mai nauyi ta zo, cikin watan Agusta bangon ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da nake hango hasken gidansu ina kwance. Ya'u magini ya zo ya zura hannu a ciki, ya ce gindin ya zama kunu. A kankare koren nan tas, a bar shi ya sha iska, a ɗaure shi da siminti ciki da waje. In ba haka ba damina mai zuwa a kaina zai kwanta.

Da yamma Yusha'u ya yi sallama a zaurena, ya tsuguna nesa da tabarma kamar mai neman aure.

"Iya, rani ɗaya nake roƙo. Ɗaya tak, na gaskiya. Turai ta rantse ba za ta zuba ba. In na yanka na gani, da hannuna zan kankare."

"In ya faɗo kafin nan fa?"

"Ba ruwan sama da rani."

"Akwai kumatunka."

Ya sunkuyar da kai. Na dubi furfurarsa, na dubi hannun da ke rawa a kan gwiwa. Mutum ya ba abu ƙuruciyarsa da ƙarfinsa, abin da ko akuya ba ta ci, bai kuma samu ko na'am daga gare shi ba. Ban gane ba, har yau ban gane ba. Amma na sa aka fito min da gado zuwa ɗakin da nake suya, na yi rani guda ina kwana da ƙaurin man gyaɗa, Ya'u ya tokare bangon da azara biyu yana ta mita.

Wannan karon rabi ya bushe ƙayau, rabi ya yi kore. Da zafi ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa ta gabas, Nazifi, wanda ya gaje shi a wurin aiki, ya kawo masa aron madubi a Keke Napep. Aka shimfiɗa tabarma da hantsi. Aka aiko a kira ni.

Ya tsaga totuwa, ya sa kara, ya ɗauki reza. Hannu ya ƙi. Yanka na farko ya fito da kauri kamar na doya, na biyu ya shafto ɗan yatsansa, ya ga jini, ya rufe ido yana salati. Turai ta karɓi rezar. Matar da ta shekara talatin da wani abu tana yanka kuɓewa a tafin hannu, sala ta dinga fitarwa kamar hayaƙi. Ya ɗora a gilashi da lalube, ya leƙa, ya murɗa, ya goge ido, ya sake leƙawa.

"Hazo kawai nake gani," ya ce. "Iya, ke kin san ta. Duba min."

Turai ta ce ita ko ta leƙa ba ta san me ake nema ba. Saboda haka aikin rayuwar ma'aikacin gwamnati ya dawo kan idon mai ƙuli-ƙuli. Na san abin da yake so ya ji: na busasshen gefe suna da rariya, na jiƙaƙƙen babu. Kalma biyu, ya tashi da farin ciki, ni in samu bangona. Wa zai ƙaryata ni? Amma idona aka ara, ba baki ba.

"Wannan na ina ne?"

"Na busasshe."

"Akwai."

Ya ja numfashi. Aka sa wani. "Shi ma na busasshe."

"Babu."

"Duba da kyau, Iya."

"Na duba. Tanda ce zalla."

Aka koma na jiƙaƙƙe. Na farko babu. Na biyu akwai, ɓaro-ɓaro, ta fi ta kowa kyau. Muka yi ta yi har inuwar mangwaro ta gudu ta bar mu, wuyana ya ƙage. Ta kowane gefe wasu akwai, wasu babu. Har aka zo kan wani da na daɗe a kai.

"Yaya?" in ji shi.

"Akwai kamar babu."

"Iya, ko akwai ko babu."

"To zo ka gani da kanka! Ramukan tsakiyar sun ƙanƙance, amma ba su kai rariya ba. Kamar ta fara ta fasa."

Sai kafaɗunsa suka fara motsi, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, marar sauti, har da hawaye. "Ta fara ta fasa," ya ce. "Wannan kuma ban taɓa ganinsa ba. Yanzu sun zama iri uku."

"To me aka gane?" in ji Turai.

"An gane ba ruwa ba ne. Ko kuma ruwa ne, rani ɗaya ya yi kaɗan. Ko kuma..." Ya dubi azarar da ke tokare da bangon, ya haɗiye sauran. Na ga rani na biyu yana tahowa a bakinsa, na kuma ga ya mayar da shi.

Washegari ya cika alkawari. Bai bari Ya'u ya taɓa ba. Da wuƙar tebur ya bi bangon yana ɓanɓarowa a hankali, falle-falle, gashin nan yana riƙe da ƙasa yana tahowa da ita, yana jerawa a tsofaffin tire. Aikin da lebura zai gama kafin a ɗora tukunya, shi ya wuni yana yi. Aka bar bango ya sha iska, aka yi siminti, ruwan farko ya sauka ina kwance a ɗakina, busasshe.

Bai ƙara sakewa a gidan ba. Ya kan fito da kujera ya zauna gaban simintin, ya rasa inda zai ajiye ido. Na tire ɗin suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ko suka yi barci, shi ma ya ce bai sani ba. Kafin shekara ta zagayo Umaima, wadda ta zama ma'aikaciyar jinya ta cika wa kakanta buri, ta matsa musu su koma kusa da ita a Katabu, inda ya daɗe da fara ɗan gini. A can Allah ya karɓi abinsa bayan damina biyu. Allah ya jiƙan Yusha'u, ya sa ya huta. Ban samu zuwa ba sai gaisuwa, ƙafa ta ƙi.

Ranar da za su tashi ne ganina da shi na ƙarshe. An gama loda kaya a motar a-kori-kura, ya shigo zaure ya tsuguna, ya ce in yafe masa ƙuli-ƙulin da ya lalata min da kwallayen da suka yi tsatsa. Na ce na yafe. Sai ya ce, "Iya, wannan na ƙarshen, wanda ta fara ta fasa. Daga saman karan Turai ta yanko shi ko daga gindi?"

Direba yana ta oda a waje, mutum zai bar gidan da ya tsufa a ciki, abin da ke ransa ke nan.

Na ce, "Ban sani ba, Yusha'u, kuma ba zan ƙara ara maka ido ba. Ka je 'yarka ta kai ka a cire maka yanar nan, ka daina tsoron abin da tsohuwa ta jure. Gansakuka ba ta ƙare a duniya ba. Amma in ka tashi yi mata hidima a Katabu, don girman Allah ka zagaya tukuna, ka tabbata babu mai kwana a bayan bangon."